Lemun Hunturu da Baƙin Lemu: Tarihin Tsami a Tukunyar Mutanen Katar

Idan mutum ya tashi daga birnin Doha ya nufi kudu, tafiyar kamar mil goma za ta kai shi Wakra, tsohon garin masunta da masu nutson lu'ulu'u. Daga nan in ya ba teku baya ya yi yamma kaɗan, sai ga shi a Wukair. Masu sha'awar ƙwallo cikin masu sauraronmu sun san wurin ko da ba su riƙe sunansa ba, gama a wannan gefen ne aka gina filin wasa na Al Janub, inda Kamaru da Sabiya suka tashi uku da uku a gasar cin kofin duniya ta 2022. Wukair ta yau gari ne na gidajen haya jeri-jeri, cike da baƙin ma'aikata daga Indiya da Masar da Sudan da sauran ƙasashe, har da namu na Afirka ta Yamma.

Abin da ya kai mu can a yau shi ne lemu. Wanda ya shiga kantin kayan marmari a Wukair tsakanin watan Disamba da Fabrairu zai tarar da shi tuli-tuli, kwali bisa kwali: lemun zaƙi mai cibiya, da tanjarin, da garehul, da lemun tsami ƙanana da manya. In ya duba takardar da ke manne a jikin kwalayen zai ga sunayen ƙasashe barkatai, amma da wuya ya ga sunan Katar. In kuma ya zaga wajen da ake ajiye kayan yaji, zai ga wani buhu cike da wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe, marasa nauyi, waɗanda in ka kaɗa ɗaya kusa da kunne za ka ji 'ya'yan ciki suna ƙara. Baƙo yakan wuce su bai ko kula ba. Alhali kuwa su ma lemu ne, kuma su ne suka riga wancan tulin mai sheƙi shiga tukunyar mutanen wannan gaɓa da shekaru aru-aru. Sunansu lumi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa lemun zaƙi ya zama ɗan hunturu. A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum itacen yakan yi fure wajen watan Maris da Afrilu, sa'an nan ɗan ya yi wata bakwai ko fiye yana girma a kan reshe. Lemu ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, da za a tsinke ɗanye a rufe shi ya nuna a ɗaka. Zaƙin da ya baro uwarsa da shi, shi ke nan. Saboda haka dole manomi ya jira, kuma jiran nan yakan kai shi cikin sanyi. Launin ma sanyi ne ke kawo shi. Sa'ad da dare ya fara sanyi sosai, sinadarin da ke sa ɓawon ya zama kore yakan lalace, sai ruwan goron da ke ɓoye ƙarƙashinsa ya bayyana. Wannan ne ya sa lemun Binuwai da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano yake zuwa kore ko fatsi-fatsi, ko da ya nuna sarai: daren ƙasar Tibi ba ya yin sanyin da zai rine shi. Na sha jin 'yan'uwanmu da suka je ƙasashen waje suna raina lemun gida saboda launinsa. Kuskure ne. Ɓawo labarin yanayi kawai yake bayarwa, ba labarin zaƙi ba.

To, Katar tana da ɗan sanyinta na watan Janairu, amma ba ta da abin da ya fi muhimmanci. Ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 100 ba, watau abin da Kano take samu a damina guda ya ninka shi kusan sau goma. Ba kogi ko ɗaya a ƙasar. Ruwan rijiyoyi da yawa zartsi ne, itacen lemu kuwa yana cikin itatuwan da ba sa jure gishiri. Akwai masu 'yan itatuwan lemun tsami a gidajensu da gonakinsu, amma ba abin da zai ciyar da kasuwa ba.  Wanda yake auna ruwan sha da salka ba ya dasa lambun lemu. Tun fil azal, tsamin da ya shiga miyar wannan ƙasa ta teku ya zo.

Masana tsirrai sun nuna cewa asalin dangin lemu duka daga gindin duwatsun Himalaya ne, wajen da arewa maso gabashin Indiya ta haɗu da Bama da kudancin Sin. Wanda ya fara yin yamma shi ne wani mai kaurin ɓawo da ƙarancin ruwa, wanda Larabawa suke kira utrujja. Ya isa Farisa tun kafin zamanin Annabi Isa, kuma almajirai sun san sunansa, domin ya zo a cikin wani sanannen hadisi inda aka buga misali da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa. Sauran sun biyo baya a hankali. A kan wannan muna da shaida mai daraja daga Mas'udi, masanin tarihi ɗan Bagadaza wanda ya rasu a Masar a shekarar 956, wanda kuma shi da kansa ya taka ƙasar Oman. Ya ba da labari cewa bayan shekara ta 300 ta Hijira, watau wajen 912, aka ɗauko itacen naranji, lemun nan mai ɗaci, daga Indiya, aka fara dasa shi a Oman, daga nan aka kai shi Basra da sauran Iraki da Sham, har ya cika gidajen mutane a Falasɗinu da Masar. Ya ƙara da cewa da itacen ya bar ƙasarsa, sai ya rasa wani abu na ƙanshi da launin da yake da su a Indiya. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, Oman da Basra, don za mu sake gamuwa da su.

Daga nan lemu ya bi 'yan kasuwa da malamai da mayaƙa har Andalus. A birnin Alƙahira, Ibn Jumai'i, likitan Sarki Salahuddini, ya rubuta littafi sukutum a kan lemun tsami da amfaninsa, har da yadda ake tsaga shi a cusa masa gishiri a ajiye shi ya daɗe. Ibn Batuta, da ya sauka Mogadishu a shekarar 1331, an kawo masa shinkafa da man shanu, a gefe kuma ga jiƙaƙƙen lemun tsami da ɗanyar citta da mangwaro. Kalmarmu ta lemu ma daga laimun ta Larabci ta fito, wanda ya isa ya nuna mana ta hannun wa itacen ya iso ƙasar Hausa.

Amma gishiri da tulu dabara ce ta mazauna gida. Matafiyin teku yana bukatar abin da ba ya zuba, ba ya fashewa, ba ya ruɓa, kuma ba shi da nauyi. Mutanen gaɓar Batina ta Oman, inda ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yake shayar da lambuna, su ne suka yi suna da amsar wannan bukata. Ƙaramin lemun tsami, irin namu na gida, ba ruwansa da jiran sanyi. Ƙasa mai zafi yake so. Sai a tsinke shi, wasu su tsoma shi cikin tafasasshen ruwan gishiri na ɗan lokaci, wasu kuma su bar shi haka nan, a baza a rana mako bayan mako har ruwansa ya ƙafe ƙaf. Ɓawon ya yi tauri kamar ƙoƙo, cikin ya koma baƙi mai sheƙi. Wani yakan tsaya a launin ƙasa-ƙasa, wani ya yi baƙi ƙirin. Abin da zai ruɓe cikin mako biyu ya zama abin da zai shekara a buhu. Bahaushiyar da ta san kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a nan. Sunayen da maƙwabta suka ba shi sun adana hanyar da ya bi: Farisawa suna ce masa limu amani, watau lemun Oman, mutanen Iraki kuwa numi Basra, saboda ta tashar Basra yake shigo musu.

Yanzu mu koma Wakra da Wukair a zamanin lu'ulu'u. Wani ma'aikacin gwamnatin Ingila a Indiya mai suna Lorimer, a cikin babban kundinsa na ƙasashen Tekun Fasha na shekarar 1908, ya lissafa jiragen nutso 817 a Katar, 150 daga cikinsu na Wakra ne. Babban nutso yakan ɗauki kusan wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, tsakiyar zafi ke nan, kuma kusan duk namiji mai ƙarfi yana kan ruwa. Abincinsu dabino da gahawa da rana, shinkafa da kifi da dare. Ba ganye, ba ɗanyen marmari. Cikin cututtukan da suka addabi masu nutso har da ciwon nan na matuƙan jirgin ruwa, wanda dasashi ke kumbura yana zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon miki ya sake buɗewa. Rashin bitamin C ne ke kawo shi, kuma wata biyu zuwa uku na irin wannan ci sun isa su fito da shi.

Turawa sun sha wannan wuya su ma. Mutanen Vasco da Gama sun sami sauƙi da lemun da suka samu a Mombasa a 1498, amma darasin bai zauna ba. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya ware marasa lafiya 12 a jirgin Salisbury, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya kowace rana su ne suka farfaɗo cikin kwana shida. Duk da haka sai a 1795 hukumar sojan ruwan ta wajabta ba matuƙa ruwan lemu. A nan akan ji masu son gargajiya suna cewa ai Larabawan teku sun riga Lind, tun da ba sa tafiya sai da lumi. Ina ganin an yi wa lumi yabon da ba nasa ba. Bitamin C ba ya jure tafasa da doguwar shanya, balle a sake dafa shi cikin shinkafa. Aikin da lumi ya yi wa mai nutso dabam ne, kuma ba ƙarami ba ne: ya kashe ƙarnin kifi, ya sa mutumin da ya yi kwana ɗari yana cin abu guda ya iya haɗiye na kwana ɗari da ɗaya.

Wannan aiki har yau shi yake yi a cikin majbus, abincin da mutanen Katar suke ɗauka tamkar tutarsu. Ga yadda uwargida take yinsa. Takan soya albasa da man shanu har ta yi ja, ta zuba kayan ƙanshi, su kirfa da kanumfari da masoro da kurkum da hel ɗin nan da ake sa wa gahawa. Sa'an nan ta ɗauki lumi biyu ko uku ta huda kowanne da bakin wuƙa. Hudar nan ita ce sirrin: in ba a huda ba, sai ya yi ta yawo a saman ruwa kamar gora, bai ba da kome ba, in kuwa aka farfasa shi duka, 'ya'yan ciki su saki ɗaci su ɓata tukunya. Sai ta sa nama ko kaza ko kifi, ta tsaida ruwa, ta bar shi ya dahu a hankali, romo yana shiga ta hudar yana fitowa da tsami. In naman ya yi, ta tsame shi ta gasa ko ta soya sama-sama, ta zuba doguwar shinkafar basmati a cikin romon, ta rage wuta ta bar ta ta turara. Wasu sukan yayyafa ruwan wardi da za'afaran a ƙarshe. A kan faranti za ka ga lumin ya yi laushi ya lotsa, wanda ya san daɗinsa kuma yakan matse shi da cokali a kan rabonsa.

Ɗanɗanonsa yana da wuyar kwatantawa ga wanda bai taɓa ji ba. Tsami ne, amma ba mai kaifin ɗanyen lemu ba. Akwai ɗan ɗaci, da wani ƙanshi kamar na hayaƙi, da wani nauyi da ke tuna wa Bahaushe daddawa, ko da yake ba su yi kama a baki ba. Kusancinsa da tsamiya ya fi, kuma wanda ya saba tsinka kunun gyaɗa da ruwan tsamiya yau, gobe da lemun tsami, ya san bambancin da nake nufi. Ana jefa shi cikin miyar da suke kira saluna, ana daka shi gari a barbaɗa wa kifi kafin a gasa, ana kuma fasa shi a cire 'ya'yan a tafasa da sukari a sha kamar shayi a daren sanyi. Ɗanyen lemu kuwa ƙa'idarsa akasin wannan ce, sai an sauke tukunya ake matsa shi, domin wuta tana kashe masa ƙanshi.

Shi lemun zaƙi baƙo ne na baya-bayan nan a wannan gaɓa, kuma sunayensa sun tona asirinsa. Larabawa suna ce masa burtuƙal, watau Fotugal, da sunan mutanen da suka yaɗa irinsa mai kyau daga Sin, waɗanda kuma suka riƙe Maskat daga 1507 har aka kore su a 1650. Tanjarin kuwa yusufi ne ko Yusuf Afandi. Ana cewa sunan wani ɗalibi ne da Muhammadu Ali na Masar ya aika karatu Turai, ya komo da dashen itacen daga tsibirin Malta. Kalamantin ya ci sunan wani ɗan mishan, Clément Rodier, wanda aka samu irin a lambun gidan marayunsa kusa da Oran ta Aljeriya, aka raɗa masa suna a 1902. Kinno na Pakistan, mai yawan ruwa da yawan 'ya'ya, wanda ke cika kasuwannin Tekun Fasha daga Disamba, a Jami'ar Kalifoniya aka haɗa shi, aka fitar da shi a 1935, kafin ya sami gida a yankin Sargoda. Duk waɗannan ba su zama abincin kowa da kowa a Katar ba sai bayan da aka fara fitar da man fetur a 1949, kuɗi suka shigo, jiragen ruwa da manyan motoci masu ɗakin sanyi suka biyo su. Yanzu ma in lemun Masar da na Turkiyya ya ƙare, na Afirka ta Kudu yakan karɓe shi, tun da hunturunsu yana faɗowa ne daidai lokacin zafin Larabawa. Yaron da aka haifa a Wukair yana iya girma bai san lemu yana da lokaci ba, sai dai uwarsa ta lura cewa na watan Janairu ya fi araha, ya fi ruwa.

Sai dai duka biyun, baƙin da mai sheƙin, kowanne ya taɓa nuna wa mutanen nan cewa abin aro ne. Na lumi ya fara. A cikin shekarun 1970 aka soma ganin wata cuta a lambunan Batina: itace ya riƙa fitar da tarin 'yan rassa sirara masu ƙananan ganye fatsi-fatsi, cunkus kamar tsintsiya, ya daina 'ya'ya, bayan 'yan shekaru ya bushe. Masana suna kiranta da sunan da ma'anarsa ita ce tsintsiyar mayya. Wata ƙwayar cuta ce dangin bakteriya, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan ganye yake ɗauka daga itace zuwa itace, kuma itacen da ya kamu ba ya warkewa. Ta hallaka dubban ɗaruruwan itatuwa a Oman, ta haye Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta isa kudancin Iran a 1997. Kasuwa ba ta jira ba. Lumi mai yawa da ake sayarwa yanzu a ƙasashen Tekun Fasha daga Somaliya yake zuwa, ƙasar da Ibn Batuta ya ci jiƙaƙƙen lemu, wani kuma daga Gwatamala, can tsakiyar nahiyar Amurka. Abin mamaki ne in an tuna cewa Kolumbus ne ya fara kai irin lemu wancan ɓangare na duniya a 1493, daga hannun Sifaniyawan da su kuma suka gada daga Larabawan Andalus.

Na ɗanyen marmari ya zo ne dare ɗaya. Ran 5 ga Yuni, 2017, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar. Aka rufe Abu Samra, ƙofa ɗaya tak da ƙasar take da ita ta tudu, wadda aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na abincinta ta nan yake shigowa. Mutane suka yi rububin kantuna. Turkiyya da Iran suka aiko da abinci ta sama da ta ruwa, a watan Mayu na 2018 kuma gwamnatin Katar ta umarci kantuna su kwashe kayan ƙasashen nan huɗu daga kan kantocinsu, alhali Masar tana cikin manyan masu sayar da lemun zaƙi a duniya. An yi ta ba da labarin dubban shanun da aka kwaso ta jirgin sama, har ƙasar ta wadatu da madararta cikin shekara biyu. Wannan gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Amma saniya in ta sauka yau, gobe ana tatsarta. Dashen lemu mai aure sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da ɗan fari, kuma duk tsawon wannan lokaci ruwa mai daɗi yake sha. Kuɗi ba su iya gajarta wannan ba, don haka ba a nemi mafita a gona ba, a teku aka neme ta.

Kudu da Wakra kaɗan, a Ummul Hul, akwai sabuwar tashar jiragen ruwa ta Hamad, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2016, aka yi bikin buɗe ta a watan Satumba na 2017. Kafin rikicin, kaya masu yawa sai sun sauka Jabal Ali ta Dubai tukuna a sake loda su zuwa Doha. Da aka toshe wannan hanya, cikin 'yan kwanaki aka buɗe sababbin layuka kai tsaye zuwa tashoshin Oman biyu, Salala da Sohar. Sohar ɗin nan a gaɓar Batina take, ita ce babbar tashar Oman a zamanin da Mas'udi ya rubuta labarin naranji. An sasanta a taron Al'ula ran 5 ga Janairu, 2021, aka buɗe Abu Samra bayan 'yan kwanaki, daidai tsakiyar kakar lemu.